Kaji a akurki, lambu a bayan ɗaki: inda aiki ya kai a wannan bazarar

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kiwon kaji da ɗan lambu a cikin gida. Bazara ta kama sosai a nan Zariya, hazo ya tafi, zafi ya sauka, kuma abin da na fara gani a akurki shi ne ƙwai ya ragu, wanda ake samu ɗin ma ɓawonsa ya yi laushi. Na san da yawanku kuna ganin haka yanzu, shi ya sa zan fara da kaji kafin in zo kan lambu.

Ku je akurki da misalin ƙarfe biyu na rana ku tsaya ku duba. Za ku ga kaza ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai ƙasa, maƙogwaronta na motsi da sauri, ga tsaba a gabanta amma ba ta ko kallonta. Kaza ba ta yin gumi, da haki take fitar da zafin jikinta. Hakin nan idan ya yi yawa yana rage iskar kabon da ke cikin jininta, alhali da ita take haɗa ɓawon ƙwai. Ga shi kuma ta rage cin abinci. Abu biyu ke nan suka haɗu a kan ƙwai ɗaya.

Don haka na sauya lokacin ba su abinci. Da sanyin safiya ake kama fara: kaso mafi yawa nake zuba musu bayan sallar asuba, sauran kuma sai bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Tsakar rana ruwa kawai. Kaza tana shan ruwa kamar ninki biyu na nauyin abincin da take ci, a zafi kuma ya wuce haka nesa, kuma ba ta son ruwan da ya ɗumame. Daga randa nake ɗebo musu, mazubin kuma yana inuwa. Rufin akurkin na kwano ne, sai na shimfiɗa tsohuwar zana a kansa, bambancin kuwa a fili yake.

Yanzu maganar abincin kansa, wadda ita ce ta fi damuna, domin a gidajenmu an saba a jiƙa dusa a watsa wa kaji a ce an ciyar da su. Dusa tana cika ciki, amma ba ta yin ƙwai. Kazar Hausa da ke yawo tana tone-tone tana cike giɓin da ƙwari da tsutsa da ɗanyen ganye, kuma abin da ake nema a wajenta kaɗan ne, ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta a kai, bayan kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Amma da zarar an kulle kaza, ko kuma aka kawo irin masu yawan ƙwai kamar Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta samar, to duk abin da jikinta ke buƙata ya koma wuyan mai ita. Irin wannan kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kuma ana son furotin ɗin abincin ya kai kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari. Ku yi lissafi: kaji 10 za su cinye buhu mai kilo 25 a cikin kamar mako uku. Wanda bai yi wannan lissafin ba kafin ya sayo kaji, tsadar buhu za ta sa ya koma wa dusa, kajin su daina ƙwai, ya ce irin ne ba shi da kyau.

Ni haɗawa nake yi da kaina. A kowane kilo 10, masara ɓarzajjiya kilo 5, dusa kilo ɗaya da rabi, waken suya ko ƙuli-ƙuli kilo biyu da rabi, sauran kilo ɗayan kuma laimiston ne, wato garin dutse mai kalsiyam, da ɗan garin ƙashi, irin wanda masu sayar da kayan abincin kaji ke aunawa. Sai gishiri kamar giram 30 da firimis, wato haɗin bitamin, na masu ƙwai giram 25. Waken suya dole a soya shi kafin a niƙa, domin ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin. Ƙuli-ƙulin kasuwa yakan zo da gishiri, idan da shi kuka haɗa kada ku ƙara wani. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna kuwa, komai arharta ku bar ta, dafinta hanta yake ci.

Kowane ɓawon ƙwai yana ɗauke kusan giram 2 na kalsiyam daga jikin kaza, idan babu a abinci daga ƙashinta take cirowa. Ina tara ɓawon ƙwan da muka ci, in gasa shi sama-sama, in daka sosai yadda ba za su gane ƙwai ba ne su koyi fasa nasu, in zuba a wani kwano daban. Wadda take buƙata tana zuwa da kanta.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ce ta nuna mini dabarar gara. Ta ɗauko tsohuwar tukunya, ta cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, ta yayyafa ruwa, ta kife ta a inda gara ke fitowa a gindin katanga. Ta ce, “Ki bar ta ta kwana, amma ki ɗauke kafin rana ta ɗaga, in ba haka ba sun koma ƙasa.” Na ce, “To, Iya.” Da safe na juye tukunyar a gaban 'yan tsaki, ƙasa ta yi fari da gara, kafin in miƙe sun tsince tas. Furotin ne na kyauta, kuma na fi ware shi ga 'yan tsaki da sagaru. Ganyen zogale da alayyahun da ya tsufa nakan ɗaure su a rataye, su yi ta tsalle suna figa, shi ke sa gwaiduwa ta yi ja.

Rigakafin Lasota, wanda ke kare kaji daga cutar Newcastle, kada a sake da shi don hunturu ya wuce. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin sa, ana samu a shagunan maganin dabbobi, amma a ƙanƙara za a kawo shi gida, a ba su da sassafe a ruwan da ba shi da kulorin, su shanye cikin awa biyu.

Abin da ya haɗa akurki da lambu shi ne taki. Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, ɗanyensa yana ƙone saiwar shuka, kuma yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye kamar salak. Ɓuntun shinkafa nake shimfiɗawa a akurki. Idan na kwashe sai in tara a lungu, in haɗa da busasshen ganye, in jiƙa, in rufe da buhu, ina juyawa lokaci-lokaci. A farko idan aka tura hannu ciki zafi ake ji, ga wari mai hawa kai. Sai ya huce, ya yi baƙi, ya koma ƙamshin ƙasa sannan ya isa zuwa fangali, abin da ke ɗaukar wata biyu zuwa uku. Tarin da na fara tun cikin sanyi shi nake amfani da shi yanzu.

Kafin in shuka ko ƙwaya ɗaya na kafa shinge na raga, domin kaza ɗaya ta isa ta tone fangali guda kafin a idar da sallah. Amma kafin a kafa shingen na sake su a filin na ɗan lokaci, suka tsince ƙwari da 'ya'yan ciyawa.

Fangalin bazara nakan yi shi da ɗan zurfi don ya riƙe ruwa, in rufe samansa da busasshiyar ciyawa, ban ruwa kuma safe da yamma. Idan damina ta kankama za a koma kunya, kada ruwa ya kwanta. Abin da ke jure zafi na shuka: alayyahu, wanda ake fara yanka a mako uku zuwa huɗu, da kuɓewa mai fara 'ya'ya a kusan wata biyu, sai lalo da rama. Alayyahun ya fito, kuɓewar ta yi ganye huɗu. Attaruhu da tattasai suna reno a robobi ƙarƙashin inuwa, sai ruwa ya zauna za a dasa. Tumatir ban taɓa ba, kuma ina ba ku shawara ku dakata. Idan zafi ya haura digiri 35 furensa zubewa yake yi, sannan a zafi ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon take ƙarfi, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Lokacinsa bayan damina ne, idan sanyi ya fara shigowa.

Itatuwa kuma ramukansu na haƙa, tsawon kamu ɗaya da ɗori ta kowane ɓangare, na cika da taki da ƙasar sama, suna jiran ruwa. Lemun tsami da mangwaro masu aure zan saya, domin sun fi na ƙwallo saurin 'ya'ya da shekaru. Gwanda na riga na rene ta a leda. Tana da mace da namiji, kuma ba a ganewa sai ta yi fure, don haka uku zan sa a kowane rami, in bar mace idan sun nuna kansu, da namiji ɗaya saboda barbara. Ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, ramukanta suna can inda ƙasa ta fi tudu.

Ruwan farko a nan yakan zo ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, kuma yakan ɗauke bayan ya sauka, saboda haka ba zan yi dashe a kansa ba. 'Yan uwa na Kano da Katsina da Maraɗi, naku yakan makara fiye da namu, ku ƙara makonni a kan lissafina, kuma ku ci gaba da ban ruwan reno har ƙasa ta jiƙu ta kai tsawon hannu.