Darasin da zaɓen 'yan wasa na NFL ya koya mini

Duk watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sukan zaɓi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara ɗauka. Kafin gari ya waye masu sharhi sun raba maki, wannan A, waccan F. Aikin sharhin wasanni ya sa nake ajiye waɗannan makin, in koma kansu bayan an kwana biyu. Abin da na fara ganewa shi ne makin washegari yana nuna ko ƙungiya ta ɗauki wanda mai sharhin ke so ne kawai.

A 2012 an yi wa Seattle Seahawks ca, har da wanda ya ba su F. Laifinsu, sun ɗauki Bruce Irvin da wuri, sannan a zagaye na uku suka ɗauki Russell Wilson, wanda aka ce gajere ne, bai dace da mai jefa ƙwallo ba. Tsakanin su biyun sun ɗauki Bobby Wagner. A Fabrairun 2014 da waɗannan yaran suka lallasa Denver Broncos da ci 43 da 8 a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL.

Wannan darasin mai sauƙi ne: a jira shekara uku ko huɗu. Wanda ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne ko an jira, sakamako na iya yaudarar mutum. Kowa na yaba wa New England Patriots kan Tom Brady, wanda suka ɗauka a matsayi na 199 a 2000, ya kawo musu kofi shida. Amma fa 'yan wasa shida suka ɗauka kafin shi a zaɓen shekarar. Da sun san abin da ke tattare da shi, da ba su bar shi ya kai zagaye na shida ba. Sun yi ido, babu shakka, sai dai rabo ya fi idon yawa. Haka San Francisco 49ers, da suka ba da zaɓukansu na zagayen farko na shekara uku don su sami Trey Lance a 2021. Wasa huɗu kacal aka fara da shi kafin su miƙa shi ga Dallas. Wanda ya rufa musu asiri shi ne Brock Purdy, na ƙarshe cikin mutum 262 a zaɓen 2022, ya kai su Super Bowl. Nasarar Purdy ba ta wanke cinikin Lance ba, kuma ba na yarda a haɗa su a lissafi ɗaya.

Binciken wasu malaman jami'a biyu na Amurka, Cade Massey da Richard Thaler, ya ƙara mini haske a nan. Sun gano cewa damar ɗan wasa ya fi wanda aka ɗauka bayansa cikin masu buga gurbi iri ɗaya ba ta wuce kashi 52 cikin ɗari ba. Ke nan ƙungiyar da ta sayar da zaɓuka da yawa don mutum ɗaya ta yarda da idonta fiye da kima.

Akwai kuma gidan da yaro ya faɗa. Iri mai kyau a fako ba ya yin yabanya. David Carr, mai jefa ƙwallo da aka fara ɗauka a zaɓen 2002, ya je Houston Texans, sabuwar ƙungiya marar masu tsare shi, aka kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 76 a kakarsa ta farko. Patrick Mahomes kuwa, na 10 a 2017, ya yi shekara guda yana koyo a bayan Alex Smith ƙarƙashin koci Andy Reid kafin a damƙa masa Kansas City Chiefs. Raina yakan sosu idan na ji an kira irin su Carr asara, ba a ambaci waɗanda suka jefa shi cikin wannan hali ba.

Yanzu idan aka ce in auna zaɓen wata ƙungiya, nakan fara da abin da ta sani a ranar da abin da ta biya. Sannan in jira kwantiragin farko na shekara huɗu ya ƙare, in ƙirga nawa ne cikin yaran ta sake ba su kwantiragi da kuɗinta.