Zaman Accra: iskar teku, funfuna da kuɗin haya

Aiki ne ya kai ni Accra, babban birnin Ghana, a wani kamfanin jigilar kaya da ke hulɗa da tashar jiragen ruwa ta Tema. Abin da ya fara saye ni shi ne yanayin garin. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai an yayyafa wa tabarma ruwa kafin a iya runtsawa. A nan da wuya ya wuce 33, kuma da la'asar ta yi sai iska ta taso daga teku. Hunturu yakan leƙo a Disamba da Janairu, amma ba ya tsattsaga wa kowa leɓe.

Danshi ne dai ba wanda ya ba ni labarinsa. Takalmin fata da na tura ƙarƙashin gado ya yi funfuna fari fat, kwaɗon ƙofa ya yi tsatsa, kilishin da aka aiko mini daga gida kuwa ya saki jiki tun kafin in ci rabinsa. Yanzu na san a bar taga a buɗe, a riƙa fitar da manyan riguna suna shan rana, kada kuma a jingina akwati da bango.

Tekun kansa ya fi daɗin kallo a kan shiga. Igiyar ruwan gaɓar nan tana da ja, ni ɗan tudu iyakata idon sawu. Ranar Lahadi bakin ruwan Labadi cike yake da kiɗa da masu hayar dawaki, don haka na fi son Jamestown da sassafe, in tsaya ina kallon masunta 'yan ƙabilar Ga suna jawo kwalekwale, mata na jiran kifi da manyan robobi. Ranar Talata ba sa fita kamun kifi, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. Sai dai ledojin da kwatocin gari ke amayarwa ta wajen tafkin Korle suna ɓata wa mutum rai.

Gaskiyar magana, zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, shi ne ya zaunar da ni. A Nima da Mamobi da Sabon Zango, da Hausa za ka yi ciniki, ka sha koko da ƙosai, ka bi jam'i. Hajiyar da nake sayen koko wurinta ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma kullum sai ta ce, "Ɗana, yaya mutanen gida?" Juma'a nakan je babban masallacin Kanda wanda Turkawa suka gina, aka buɗe a 2021. Girman da Kiristocin ƙasar ke ba Babban Limami, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya isa ya kwantar wa baƙo Musulmi da hankali.

Haya ce ke karya mutum. Doka ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata shida, amma masu gida na shekara biyu suke nema, a unguwanni irin su Cantonments ma da dala ake yanka farashi. Kafin ka biya, tambayi maƙwabta inda ruwa ke kaiwa a watan Yuni. Mutanen gari ba su manta da 3 ga Yunin 2015 ba, daren da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle suka ci rayuka sama da 150.

Batun takardu ma ba abin wasa ba ne. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ka, daga nan sai izinin zama da na aiki. Mai niyyar buɗe shago ya yi bincike tukuna, domin dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, ta kuma gindaya wa baƙon ɗan kasuwa jarin dala miliyan 1. A kanta aka garƙame shagunan 'yan Najeriya da dama a 2019 da 2020. Tsofaffin zango har yau suna ba da labarin korar baƙi ta 1969, zamanin Firayim Minista Busia, shi ya sa ko sun saba da kai, sukan ja ka gefe su tambaya ko takardunka sun cika.