Laraba: aikin yau a kan "caught off guard"

Yau wuni guda a kan karin maganar Turanci ɗaya, "caught off guard", saboda yawan kuskuren da ɗalibai ke yi da ita a rubutu.

Ma'anarta a Hausa ita ce an shammaci mutum, abu ya zo masa ba-zata bai shirya ba. "Guard" a nan ba mai gadi ba ne. Tsayuwar kare kai ce irin ta mai wasan takobi ko ɗan dambe, hannu a sama, ido a kan abokin karawa. Da ya sauke hannu ya zama "off guard", sai naushi ya same shi.

Ginin jimlar iri biyu ne. Ko dai abin da ya shammaci mutum ya zo a farko, a sa mutumin a tsakiya: "The question caught her off guard." Ko kuma a fara da wanda aka shammata, a biyo da "by": "America was caught off guard by the attack", kamar yadda ake cewa game da harin da Japan ta kai Pearl Harbor, sansanin sojin ruwan Amurka, da safiyar Lahadi, 7 ga Disamba 1941.

Kuskure na farko "catched" ne, wanda babu shi, "caught" ake cewa. Na biyu rubuta "of" maimakon "off", da "guide" maimakon "guard", domin kunne ya ji su kusan ɗaya. Wanda ya fi damuna shi ne haɗa ta da "caught red-handed". Wannan kama mutum ne dumu-dumu yana cikin aikata laifi, ba ruwanta da rashin shiri.

Sai batun zargi, wanda ƙamus ba ya cika bayyanawa. Wanda aka ce "caught off guard" ba lallai ne laifinsa ba, kowa ana iya shammatarsa. Amma "caught napping" akwai tuhumar sakaci a ciki, kamar mai tsaron gida da aka zura wa ƙwallo yana kallon 'yan kallo. Akwai ta uku mai ambaton wando a ƙasa, "caught with your pants down", wato an riski mutum bai shirya ba cikin abin kunya. Wannan ta hirar abokai ce, kada ta shiga takardar neman aiki ko amsar jarrabawa.

Gobe "off the cuff", magana ba tare da rubuta komai ba.