Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Hawiya da Baraguzan Gini

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a kan yadda ake yanke kuɗin gyaran gida a Jidda. Kafin a ci gaba, bari mu taɓa abin da ke cinye ribar ƙaramin ɗan kwangila, wato kwashe baraguzai.

A ƙasar nan ba a jibge baraguzai a bakin titi. Maƙwabci ɗaya ya buga 940, lambar kai ƙara, sai ka ga ma'aikacin baladiyya, wato hukumar gari, yana ɗaukar hoto, tara ta biyo baya. Dole a yi hayar hawiya, wato babbar kwantenar ƙarfe ta zuba baraguzai. Waɗanda aka fi samu su ne mai yadi 12 da mai yadi 20, kimanin mita kubik 9 da 15. Kamfani zai ajiye maka ita na wasu kwanaki, kuɗin kuma na ɗauka ɗaya ne, ko ta cika ko ba ta cika ba. Duk gurbin da ka bari a ciki, iska ka saya.

Saboda haka kada a kira hawiya ranar da aka fara rusau. A tara kayan a tsakar gida tukuna, ƙananan a buhunan siminti, sannan a kira ta a loda a yini ɗaya ko biyu. Hawiyar da ta yi mako a waje babu tamfol, kafin ka ankara unguwa ta cika maka ita da tsofaffin katifu da kujeru. Wajen lodi, a shimfiɗa faffaɗan kaya a ƙasa, irin su allunan jibs (gypsum, na silin da bango) da ruɓaɓɓun ƙofofi, a farfasa duk abin da ke da rami a ciki, sannan a bi da ƙananan baraguzai su cike saƙo-saƙo. Kada kaya su wuce bakin hawiya. A kula da nauyi kuma: fasasshen kankare mita kubik ɗaya yakan kai tan ɗaya da rabi, don haka mai yadi 20 in an cika ta da kankare zalla ta haura tan 20, direba yana iya cewa sai an rage. Kankare na ƙarama ne, babba ta kaya marasa nauyi.

Wasu kayan ma bai kamata su ga hawiya ba. Rodi, tagogin alminiyam, wayar lantarki da tsohon mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), 'yan sikrab, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa, na saye a kan kilo, tagulla ce kan gaba a farashi, ƙarfe na ƙarshe. A ware su tun a hannun lebura, don gauraye kuɗin ƙarfe ake ba shi. Ba a ƙona waya don cire roba, hayaƙin guba ne. Ƙofa da kwanon wanke hannu masu lafiya a kai haraj, kasuwar kayan gwanjo. Amma tun ranar ciniki a tambayi mai gida, sikrab na wa ne? Rigima da yawa daga nan take tashi.

Fasasshen bulo da kankare kuwa ciko ne na kyauta, a tsakar gida ko ƙarƙashin daɓen waje. A farfasa su kada su wuce dunƙulen hannu, a zuba kaurin santimita 20, a haɗa da yashi, a jiƙa, a bi da dakkaka, wato injin danne ƙasa, sannan a ƙara wani. Jibs kada ya shiga, domin yana laushi da ruwa, gishirin da ke cikinsa kuma yana cin siminti. Katako yana ruɓewa ya bar rami, ga kiran gara. Nan da shekara tayil ya fara lotsawa yana tsagewa, kai za a nema. Ƙarƙashin tushen gini kuwa sai da yardar muhandis, wato injiniya.

Sai masu gallabi, wato tifa, da ke zagawa suna karya farashi. Akwai na kirki a cikinsu, amma wanda kuɗinsa ko mai da zai kai shi mardam, wato wurin da hukuma ta ware don zubar da baraguzai, ba su isa ba, ka san fili ko kwari zai juye cikin dare. Tun dokar shara ta 2021, jigilar irin wannan kaya sai mai lasisi. A nemi ganin lasisin, a riƙe rabin kuɗi sai ya kawo takardar mardam. Tsohon rufin asbestos kuma ba a fasa shi, ba a saka shi a hawiya, masu izini na musamman ake kira.

Mako mai zuwa za mu shiga maganar leburori da hanin aiki a rana daga 12 zuwa 3, in sha Allahu.