Yadda na yi fatauci a Masar lokacin da gwamnati ke sakin kasuwa

Karatu ya kai ni Azhar, amma kuɗin guzuri bai taɓa kai ni ƙarshen wata ba, shi ya sa na shiga fataucin Bur Sa'id, wani gari mai tashar jiragen ruwa a Masar. Lokacin shugaban ƙasar, Anwar Sadat, ya riga ya shelanta manufar buɗe ƙofa, wato infitah, a 1974, kuma a 1976 aka mai da garin kasuwar da kayan waje ke shiga ba haraji. Sai mu hau mota daga Alƙahira, mu sayo yadi da turare da rediyo, mu sha fama da 'yan kwastan a bakin gari, mu dawo mu sayar wa ma'aikatan gwamnati da bashi.

Abin da na fara ganewa shi ne tsarin Jamal Abdul Nasir, shugaban da Sadat ya gada, bai mutu ba, an dai gina sabo a gefensa. Masana'antun da ya ƙwace a 1961 suna nan a hannun gwamnati. Matar da ta sayi turaren Faransa a wurina, gobe zan gan ta a layin kantin gwamnati tana jiran kaza mai araha. Kasuwa biyu ke tafiya a gari ɗaya, har dala ma tana da farashin banki da na bayan fage, kuma ribarmu duk a tsakanin nan take.

A Janairun 1977 gwamnati ta sanar da rage tallafin fulawa da shinkafa da sukari da iskar girki lokaci guda. Ranakun 18 da 19 gari ya kama da wuta daga Iskandariya har Aswan, aka rasa rayuka da dama, sojoji suka fito, aka janye ƙarin farashin. Sadat ya kira abin boren ɓarayi. Waɗanda na gani a titi dai ma'aikata ne da ɗalibai.

Daga nan masu mulki suka daina sanar da ƙarin farashi. A zamanin Husni Mubarak sai a fito da burodin da aka ce ya fi kyau a kan ƙirshi 2 (ƙirshi 100 ne fam ɗaya na Masar), na ƙirshi 1 ya riƙa wuyar samu har ya ɓace. Haka aka kai shi ƙirshi 5, yana kuma ƙanƙancewa a hankali. Alkawarin ba duk mai digiri aikin gwamnati ma ba a soke shi ba, jiran ne ya koma shekaru. Na koyi in rage sauraron jawabi, in riƙa duba girman burodi da tsawon layi kafin in ba ma'aikaci bashi, domin albashinsa na zaizayewa ba tare da kowa ya faɗa masa ba.

Sai a 1991, bayan yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, aka jera kamfanonin gwamnati 314 don sayarwa. Kayan waje suka cika kantunan Alƙahira, tafiya Bur Sa'id ta daina biyan kuɗin mota, na bar sana'ar. Burodin ƙirshi 5 kuwa ba wanda ya taɓa farashinsa sai a Yunin 2024, da aka mai da shi ƙirshi 20.