Hannun Baduku da Kunnuwan Rawani

A hunturun da ya wuce na zauna a rumfar wani baduku a shiyyar Madunka ta Sakkwato, yana ɗinkin kube da jar fatar akuya, na nemi izininsa na ɗauke shi hoto da wayata daga bakin rumfar. Da na koma gida na duba, sai na tarar hoton ya kwaso duk abin da ke wurin: babur a jingine, jarka mai ruwan ɗorawa, wayar lantarki da ta ratsa ta sama, da wani yaro yana leƙe ta bayan tabarma. Ido ya rasa inda zai sauka. Na fara datse gefunan hoton kaɗan-kaɗan, na cire babur, na cire jarka, na ci gaba da matsewa har ya zama babu abin da ya rage sai hannuwa biyu da basilla da fata. A nan ne na ga kantar da ke gefen babban yatsansa da rinin da ya zauna a ƙarƙashin faratansa, alhali na fi rabin sa'a zaune kusa da shi ban lura da su ba.

Idon mutum yakan fara zuwa ne wurin da ya fi haske, ko launi mai ƙarfi, ko fuska, ko rubutu, saboda haka jarkar nan ita kaɗai ta isa ta sace kallon da ya kamata a yi wa mai sana'a. Datsa mai matsewa tana korar irin waɗannan kishiyoyi, tana kuma kawo mai kallo kusancin da a zaman yau da kullum ba ya samunsa sai da iyalinsa. Idan kuma bakin hoto ya yanke wani sashe na abu, zuciya ce ke ƙarasa sauran, sai abin ya zama kamar ya fi ƙarfin firam ɗin da aka sa shi.

Hoton Che Guevara, ɗan gwagwarmayar juyin juya halin Kyuba, da ake bugawa a jikin riguna ya samu ƙarfinsa ta wannan hanya. Alberto Korda ne ya ɗauke shi a Havana ta ƙasar Kyuba ranar 5 ga Maris 1960, wurin taron makokin waɗanda fashewar wani jirgin ruwa ta hallaka. A asalin hoton akwai gefen fuskar wani mutum ta hagu da ganyen bishiya ta dama. Da aka datse su, sai fuskar ta tsaya ita kaɗai, kuma yawancin masu sanye da rigar ba su san cewa wurin makoki aka ɗauke ta ba.

Nan ne kuma hasarar take. Na tura wa wani abokina hoton hannuwan nan, ya yaba ƙwarai, sannan ya tambaye ni ko a Kano na ɗauka. Bai yi laifi ba, domin na cire duk abin da zai shaida cewa Sakkwato ce. Wannan hasara takan zama yaudara idan an yi ta da gangan: mutum ashirin da aka matse su har suka cika firam sukan yi kama da dubbai, kuma duk wanda ya bi hotunan tarukan siyasa ya san ana yin haka.

Darasin da ya fi shiga jikina kuwa a gida na same shi. Na daɗe ina sha'awar yadda masu hoton mujallu na Turai ke yanke saman kai, su bar ido da baki su cika hoto, sai na gwada haka a kan kawuna ranar Sallah, bayan ya sha rawaninsa mai kunne biyu. A ganina hoton ya yi kyau, idanunsa sun fito sosai, furfurar da ke leƙowa ta ƙarƙashin amawali ana iya ƙirga ta. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ɗana, mi rawanin ya yi maka da ka sare shi?” Na ce, “Kawu, a gafarce ni, don fuskar ta fito ne.” Ya ce fuskarsa kowa ya san ta. A garin da naɗin rawani ke faɗin gidan mutum da matsayinsa, yanke kunnuwansa rage wa mai shi daraja ne, kuma babu ƙa'idar tsara hoto da za ta wanke wanda ya yi hakan. Tun daga ranar, idan zan matse hoton dattijo, daga ƙasa da gefuna nake ragewa.

Akwai kuma lissafi. Hoton megafiksel 12, wato ɗigo miliyan 12, yana da ɗigo 4,000 a faɗi da 3,000 a tsaye, idan aka rage rabin kowane ɓangare sai a koma megafiksel 3, wato kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya isa WhatsApp, amma idan za a wanke shi babba a rataye a zaure, dushewa za ta bayyana. Matsawa kusa da ƙafa ya fi, sai dai shi ma da iyakarsa, domin idan aka kai waya dab da fuska hanci yakan kumbura, kunnuwa su ja baya. Ba na yanke mutum daidai wuyan hannu ko gwiwa, saboda yakan fito kamar an guntule shi, kuma dokin da ke sukuwa a ƙofar fadar Sarkin Musulmi nakan bar masa fili a gabansa, in ba haka ba sai ya zama kamar zai yi karo da bango. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen mai ɗaukar hoto da aka sani da ƙin datse hotunansa, shi ma sai da ya rage gefen hagu na hoton wani mutum mai tsallake ruwa da ya ɗauka a Paris a 1932, saboda katakon shinge ya tare masa.

Bayan mako biyu na wanke hotunan badukun guda biyu, mai faɗin da matsattsen, na kai masa ya zaɓa. Ya juya na hannuwan, ya ce aikin ya fito, ya miƙo mini abina. Ya riƙe mai babur da jarka, ya ɗora yatsa a kan yaron da ke leƙe ta bayan tabarma, ya ce autansa ne, sannan ya soke hoton a jikin zanan rumfar.