Kulorin ya cinye mini rigakafin Gumboro

Sau biyu kajina suka sha rigakafin Gumboro, wata cuta mai kashe ƙananan kaji, a sati na biyu da na uku da ƙyanƙyashewa. Amma suna shiga sati na biyar sai ga farin zawo, gashi ya tashi, sun takure a lungu suna saran duburarsu. Da likitan dabbobi ya feɗe mushe biyu, ƙululun da ke saman dubura ya kumbura, ga jini a naman cinya, alamun Gumboro ke nan. Tambayarsa ɗaya: "Alhaji, da wane ruwa ake haɗa maganin?"

Ruwan tanki ne, wanda ake zuba wa kulorin saboda tsafta. To, rigakafin da ake ba kaji a ruwa ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kulorin kuwa kashe ta yake. Ashe ruwa zalla kajin suka sha. Har yau abin na ci mini rai, domin ba ƙazanta ce ta jawo asarar ba.

Yanzu awa 48 kafin rigakafi nake tsayar da kulorin da duk wani maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwansu. Mazubai a wanke da ruwa kawai, ban da sabulu. Ana zuba garin madara marar kitse, giram 2 a kowace lita, a jira minti 15, sannan a buɗe kwalbar rigakafin a cikin ruwan. Da sassafe, bayan an janye musu ruwa awa ɗaya zuwa biyu, su shanye cikin awa biyu. Robar sha kawai, ban da kwanon ƙarfe.

Kada wanda ya ɓata kuɗi a kan maganin antibayotik da sunan zai kashe Gumboro. Ba ya taɓa ta. Ruwan gishiri da sukari da bitamin ne ke ɗan tallafa wa masu sauran ƙarfi.

Ɗakin ma sai da ya sha aiki, don ƙwayar Gumboro na iya yin wata huɗu a ɗakin da babu kaza. An kwashe dusar katako kaf, an kankare kashi, an wanke da omo, ya bushe, sannan aka fesa maganin mai aidin, aka rufe sati biyu. Feshi a kan kashi asarar magani ne.

Kulorin na nan a tankina, ban daina ba. Sai dai na ware jarka biyu na ruwan rijiya, an rubuta "rigakafi" a jikinsu, kuma ni da kaina nake haɗawa.